Abin da Na Tura a Rariya

Ban iya doguwar gaisuwa ba, ku yi haƙuri. Maganar ma gaba ɗaya ban iya ta ba, shi ya sa nake rubutawa. Wanda ya karanta ya ji yana son zagina, ya zaga. Na riga shi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan Baba Tela. Ta bulon ƙasa ce, an yi mata shafen siminti sama-sama. Gidanmu ya ɗan fi nasu tudu, don haka duk ruwan da ya zuba a tsakar gidanmu, na sama ne ko na wanki, hanyarsa ɗaya ce: rariyar da ke gindin katangar. Rami ne zagayayye, daidai shigar hannun babban mutum. Ta nan ruwa ke ratsawa zuwa gidansu, ya bi gefen ɗakin ɗinki, ya faɗa kwalbatin layi. Haka aka gina gidajen tun kafin a haife ni. Babana da Baba Tela tare suka sayi filin suna samari, tare suka buga bulo, suka ja igiya suka raba. Babana gyaran agogo yake yi. Duk rigar da ya taɓa sawa a gabana Baba Tela ne ya ɗinka ta, duk agogon da ya taɓa tsayawa a gidan Tela kuma a teburin Babana ya farfaɗo.

Umma takan yi alfahari wai shekara talatin ruwanta na bi ta gidan mutane ba a taɓa jin kansu ba. Ana jin kansu mana. Inna, matar Baba Tela, takan ɗaga murya ta bayan katanga:

"Maman Shiru! Yau kuma kifi aka wanke? Kajina sun gode, hancina bai gode ba!"

"Ki sa masa turare!" in ji Umma.

"Wallahi wata rana sai na toshe ramin nan, ki sha ruwanki!"

Sai su fashe da dariya, kowacce a gidanta, ba wadda ke ganin wata. Da wannan dariyar na girma.

Shiru ni ne. Malam Shiru. Allura ce ta raɗa mini, har ya bi bakin iyayena. Ita ce autar Baba Tela. Siririya ce, bakinta kuma ba ya taɓa mutum bai huda ba, shi ya sa sunan ya zauna mata. Tun tana ƙarama ba ta taɓa sa riga mai launi ɗaya ba. Ragowar ƙyallayen mutane babanta ke haɗa mata, hannu kore, wuya ja, baya ruwan ƙasa. Yara su yi mata dariya, ta ce, "Ni rigar mutum bakwai na sa, ke fa?"

Ina shekara tara na fara ganinta ta rariya. Da rani ne, ramin a bushe. Ƙwallona ya gangara ciki, na kwanta rub da ciki ina lalube, sai na ga ido yana kallona daga can ɓangaren.

"Kai, me kake leƙe?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya kwantar da kai kamar ƙadangare?"

Ta turo mini ƙwallon da tsinken tsintsiya. Washegari na tura mata alewa. Ta turo mini lissafin da aka ba ta a makaranta, na yi mata, na mayar. Da takarda ta fara jiƙewa da damshin ramin, sai ta sato gwangwanin da babanta ke zuba maɓallai. Baba Tela yana da al'adar ɗiga jan fenti a kan duk abin aikinsa, almakashi, abin awo, dutsen guga, don kada su yi ƙafa. Gwangwanin ma akwai jan ɗigon a murfinsa. Ya shiga ramin cif, kamar an auna. Sai a sa takarda a ciki, a rufe, a tura da sandar tsintsiya, a ƙwanƙwasa katanga sau biyu.

Doka ɗaya ce, ita ta kafa ta tana shekara takwas, tana nuna ni da yatsa ta cikin rami:

"Ba a barin gwangwani a ciki in damina ta faɗi. Ka sa, ka ƙwanƙwasa, na ɗauka. In ba na nan, ka cire. Ka ji?"

"To."

Me ba mu tura ba ta ramin nan. Haƙorina da ya fita. Sakamakon jarrabawarta da ta ji tsoron nuna wa Inna. Zanen malamin lissafi da kunnuwan jaki. Ranar da kakata ta rasu, na buɗe gwangwanin na ga maɓalli guda ɗaya fari, ba rubutu. Har yau ban san me take nufi ba, amma na daina kuka.

Da muka girma waya ta zo. Ta turo mini saƙo mai tsawon zani, in amsa da "To." Ta rubuto: "Malam Shiru, ana sayar maka da haruffa ne?" In amsa: "A'a." Gwangwanin ya tsaya a wajena, a bayan akwatina, shekara biyu ba a taɓa shi ba. Na gama sakandare, sakamako ba yabo ba fallasa, na shiga shagon gyaran fanka. Ita tana taya babanta sa maɓalli da guga. Muna haɗuwa a layi, ta tsokane ni, in wuce. Ina wucewa ne don in na tsaya za a gani a fuskata.

Akwai maganar da waya ba ta ɗauka. Na rubuta ta a waya ya fi sau ashirin, ina gogewa. Sai na ce bari in koma inda muka fara. Kwana uku na yi a kan layi biyu.

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Da safe sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Na sa takardar a gwangwani, na naɗe shi da leda ninki uku don kada damshi ya taɓa rubutun, na tura shi cikin rariya. Ledar ta sa ya matse, sai da na danna da ƙafa. Na kawo guntun bulo na tokare don kada kaji su tono shi. Ban ƙwanƙwasa ba. Ba na son ta karanta ina gida, ina jin motsinta ta bayan katanga. Na ce in na isa shago zan turo mata saƙo ta duba ramin. Na isa shago, na riƙe waya, na kasa. Na ce sai azahar.

Kun ga laifin. Ba ruwan shaiɗan a ciki. Dokar yarinya 'yar shekara takwas na taka, ina sane.

Wajen ƙarfe ɗaya gari ya yi duhu kamar an kife masa kwano. Iska ta fara. Na ga kwanon rufin shagon mai faci ya tashi ɗungurungum ya wuce ta saman wayoyin lantarki. Ƙanƙara ta biyo baya, tana dukan rufinmu har maigidana na magana ba na jin sa. Sannan ruwa. Ba zuba yake ba, juye shi ake. Muna ta ɗora fankokin mutane a kan kanta, ruwa ya shigo shago ya taɓa mini idon sawu. Sanyinsa ne ya tuna mini.

Na jefar da fankar da ke hannuna na fita. Maigida na kira, ban waiwaya ba.

Titi ya zama kogi. Ruwa ja, mai ƙarfi, yana tafe da bokitai, da benci, da firijin wani mai shago yana juyawa kamar kwale-kwale. Na ga akuya a kan rufin mota tana kuka. Daga turken lantarki zuwa turken lantarki nake kamawa. Tafiyar minti goma ta ci mini kusan awa.

Ruwan layi ya ɓalle ƙofarmu ya shiga. Tsakar gidanmu ta zama tanki, ruwa iya ƙirji, ba ya fita ta ko'ina. Umma na tsaye a kan tebur a baranda, rungume da akwatin agogunan mutane. Babana na cikin ruwa da doguwar gora yana zungurar gindin katanga.

"Ramin ba ya ja!" yake cewa. "Ramin ba ya ja!"

Na nutsa. Ban ga komai ba, laka ta cika mini ido. Yatsuna sun taɓa bulon da na tokare, na ja, bai motsa ba, nauyin ruwa ya danne shi. Na ɗago in shaƙi iska, Babana ya damƙi wuyan rigata ya fizge ni baya. A lokacin katangar ta yi wani nishi, kamar tsoho zai tashi daga zaune. Ta karkata. Ta tafi gaba ɗayanta, ta faɗa kan ɗakin ɗinkin Baba Tela, ruwan gidanmu duka ya bi ta kai.

Allah ya kiyaye, Baba Tela ya fito daga ɗakin da ɗaurin yadikan mutane a ka, bai fi minti ɗaya kafin nan ba. Inna da Allura suna kan gadon da suka ɗora bisa wani gadon. Ba wanda ya mutu a gidajenmu biyu. A layin bayanmu tsohuwa mai sayar da gawayi ta mutu a ɗakinta. Keken ɗinkin Baba Tela, wanda ya girme ni, yana ƙarƙashin katanga.

Ruwan ya janye kafin magariba, kamar bai yi komai ba. Ya bar mana laka iya gwiwa da wari. Gida goma sha ɗaya suka faɗi a unguwarmu. Washegari duk katangar da ta rage tsaye katifa ce a kanta. Mata na baza takardun makarantar yara a rana suna danne su da duwatsu. Buhunan fulawar mai burodi sun zama dutse. Rijiyoyi sun gauraye da kwata, sai ruwan da motar tanki ta kawo, a yi layi da jarkoki ana faɗa. Aka buɗe mana makarantar firamare muka tare. Mu da gidan Tela aji ɗaya, ajin da ni da Allura muka yi aji uku, har allon bai canza ba.

Kwana biyun farko, ku yarda da ni, sun yi daɗi. Kunya nake ji in faɗa. Umma da Inna a murhu ɗaya, suna musu a kan gishiri. Babana da Baba Tela a kan benci ɗaya na yara, gwiwoyinsu har ƙirji, suna shan shayi a kofi ɗaya don sauran kofunan sun tafi. Baba Tela na cewa, "Mai Agogo, mun buga bulo muna da ƙarfi, za mu sake bugawa muna da tari." Babana na murmushi. Karon farko a rayuwata ba katanga tsakanina da Allura, sai jerin tebura. Tana raba shinkafa, ta miƙo mini tawa ta ce, "Malam Shiru, ruwa ya tafi da sauran maganar taka ne?" Na karɓa na koma gefe.

Rana ta uku aka kira Magini ya duba abin da za a iya tsira da shi. Muna kwashe ɓaraguzai, ni da shebur, shi da diga. Da ya kai gindin katangar sai ya tsaya. Ya durƙusa, ya sa hannu, ya yi ta girgizawa, ya zaro shi. Ya lotse, leda ta yage, laka ta rufe shi. Ya goge murfin da babban yatsa. Jan ɗigo.

"Ga ɓarawonku," in ji Magini. "Wannan ba ruwa ne ya kawo shi ba. Sa shi aka yi. An naɗe, an tokare. Da ramin na ja, ban ce katangar ba za ta faɗi ba, ruwan ya yi yawa. Amma ban ce za ta faɗi ba."

Babana ya karɓa. Ya daɗe yana kallon murfin. Ni na gaji shirunsa, amma shi in ya buɗe baki maganar ba ta komawa.

"Tela. Wannan naka ne?"

Baba Tela ya matso yana gyara tabarau. "Nawa ne. Ikon Allah! Ya fi shekara goma da ɓata. Har yaron shagona na kora a kansa."

"A rariya aka same shi."

"To me ya kai shi?"

"Shi nake tambaya."

Umma ta ajiye bokitin da ke hannunta. "Ai ta faɗa. Ta sha faɗa. Wata rana sai ta toshe, in sha ruwana. To na sha."

Inna ta dafe ƙirji. "Maman Shiru! Wasan da muke yi shekara talatin?"

"Wasa ya naɗe kansa da leda?"

"Ɗakin wa ya rushe? Keken wa ke ƙasa? Mu za mu toshe don ya faɗo a kanmu?"

"Kun san zai faɗo ne? Da ɗana ya mutu a gindin katangar nan yana nutso!"

Baba Tela bai kula matan ba. Babana yake kallo. "Mai Agogo, kai ma ka yarda?"

Babana ya ce, "Fentinka ne."

Shi ke nan. Kalma biyu. Baba Tela ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya juya ya tafi yana taka laka a hankali. Ni kuma ina tsaye da shebur. Allura na bakin abin da ya rage na ƙofarsu, rigarta mai hannu shuɗi da wuya rawaya, laka ta ja mata layi a ƙasa. Ba gwangwanin take kallo ba. Ni take kallo.

Ban ce komai ba. Ku rubuta wannan a kaina.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin la'asar maganar ta zaga makarantar. Masu cewa dama matar Tela ba ta da kirki, masu cewa dama Mai Agogo munafukin shiru ne. Wata mata da ta kawo ɗinki ta zo ta karɓe yadinta a jiƙe. Umma ta sa na kwashe tabarminmu muka koma aji biyar.

"Kada in ƙara ganin ka gaida su," ta ce. "Kai da ba ka gaida mutanen kirki ma."

"Umma."

"Me?"

Ta juyo. Idonta ya kumbura. Ba haushi ba ne kaɗai, ta yi kuka a ɓoye.

"Ba komai."

Da yamma ina cajin waya a shagon maigidana saƙon Allura ya shigo.

"Kai ne."

Na karanta. Na kife wayar.

"Na ga ka karanta."

"Ni ne."

"Dokar me muka yi?"

"Na sani."

"Ka sani. Baba bai ci abinci ba tun safe. Ba keken ne ke cin sa ba."

"Zan faɗa."

"Yaushe?"

Na rubuta, na goge. Ta sake turowa:

"Kawu zai turo mota ranar Asabar. Baba ya ce ba zai sake ɗora bulo kusa da wanda ya ɗauke shi mugu ba. Zai sayar da filin."

"In na faɗa ke ma kin shiga. Ke kika ɗauko shi."

"Ka ga na ce kada ka faɗa? Nawa laifin ni zan ɗauka. Naka ba zan ɗaukar maka ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Malam Shiru."

Daga nan ba ta sake turo komai ba. Allura ta yi shiru. Ban taɓa sanin haka shiruna ke yi wa mutane ba.

Ranar Juma'a na wuni ina kallon Babana. Ya shimfiɗa tsumma a kan teburin yara, ya kwance agogunan da ruwa ya shiga, yana tsane su ɗaya-ɗaya. Wani ƙaramin ƙarfe ya faɗi, ya yi ta nema a ƙasa, na gan shi kusa da ƙafarsa, ban iya ko nuna masa ba. Maɓallin rigarsa na sama ya tsinke tun ranar ruwa. Umma ta ce ya kawo ta sa masa. Ya ce a bar shi.

Asabar da hantsi motar ta zo, buɗaɗɗiya, ta tsaya a bakin layi don laka. Muna gidanmu muna kwashe ƙasa. Ba katanga, don haka komai a fili yake. Gado biyu, tukwane, katifar da ba ta bushe ba, kajin Inna uku da suka tsira a cikin kwando. Maƙwabta sun tsaya suna kallo. Inna ba ta kalli Umma ba, Umma ba ta kalli Inna ba, kowacce na goge abin da ba ya buƙatar guga. An tono kan keken ɗinkin, an ajiye shi gefe, laka ta cushe shi, ba wanda ya ce a ɗora.

Baba Tela ya tako har inda katangar take a da, ya tsaya daidai kan layin, bai tsallako ba.

"Mai Agogo. Ba ni gwangwanina. Tunda nawa ne."

Yana kan ginshiƙin baranda tun ranar. Babana ya ɗauko, ya nufe shi. Taku shida ne tsakaninsu. Na ƙirga. A na huɗu na ji murya, sai daga baya na gane tawa ce.

"Ni na sa."

Babana ya tsaya.

"Ni na sa shi. Ni na naɗe. Ni na tokare. Ranar Talata da safe."

Umma ta ce, "Kai, rufe mini baki, zazzaɓi ke damun ka."

"Ba zazzaɓi, Umma."

"Ina ka samu gwangwanin mutane?"

"Ni na ba shi," in ji Allura. Ta sauke ɗaurin da ke kanta. "Ni na sata, Baba. Ina shekara takwas. Da shi muke aika wa juna saƙo."

Inna ta ce, "Innalillahi." Magini, wanda ke jingine da diga, ya ce, "Ah to." Baba Tela ya kalli 'yarsa, ya kalle ni, ya miƙa hannu. Babana ya ba shi gwangwanin kamar wanda ba ya jin hannunsa. Ya zaro ƙaramin almakashi daga aljihu, ya ɓanɓare murfin. Ruwa ja ya zubo. Takardar ta zama kunu, ledata ba ta tsinana komai ba. Ya dangwala da yatsa, ya yarfe.

"Ɗakina," ya ce. "Kekena. Abotar shekara talatin. Yaron da na kora ba laifinsa. Ina so in san me na saya da su. Me ka rubuta?"

Layi duka ya yi tsit. Har direban motar ya kashe inji.

"Da kai nake."

Na kalli ƙasa. Daidai inda rariyar take nake tsaye.

"Na ce ina son ta," na ce. "Na ce kada ta yi dariya."

Ba ta yi ba. Magini ne ya yi, ta ƙwace masa, ya toshe baki da hula. Wata tsohuwa a cikin 'yan kallo ta ce, "Yau ga soyayyar da ta rushe gida." Umma ta zauna a kan bokiti. Ta kalli Inna. Inna ce ta ce, "Maman Shiru, kin sha ruwanki?" Umma ta rufe fuska da mayafi.

Babana bai kalle ni ba. Bai mare ni ba, da ya mara da ya fi. Ya tsallaka layin katangar, ya tsaya gaban Baba Tela. Ya cire hularsa ya riƙe. Sannan ya wuce shi, ya durƙusa, ya rungumi kan keken ɗinkin da lakarsa, ya ɗaga da kyar. Na matsa in taya shi, ya kauce mini. Ya kai shi kan teburinsa a baranda, ya ɗauko buroshi da kwalbar mai, ya zauna.

Baba Tela ya daɗe yana kallon bayansa.

Direba ya leƙo. "Maigida, a ci gaba da lodi ko a sauke?"

"Ci gaba. Ba inda za mu kwana a nan." Ya juya ga 'yarsa. "Ke, hau mota. Ba ni wayar."

Ta ba shi. Ta ɗauki ɗaurinta ta wuce ta gabana, kusa, har na ji ƙanshin sabulunta a cikin warin laka. Ba ta ɗago ba. A hankali ta ce, "Kalma nawa ke nan yau? Ka yi ɓarna." Ta hau, ta zauna kusa da kwandon kaji, ta ba mu baya.

Baba Tela ya zo gabana. Ban taɓa lura ya fi ni gajarta ba.

"Ban ce na yafe ba," ya ce. "Kada ka ji an ce. Bulon da za a buga, kai za ka buga shi, kai kaɗai, daga na fari har na ƙarshe. Ba na son ganin fuskarka kafin nan."

"To, Baba."

Ya nufi mota. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya waiwayo, ba wajena ba.

"Magini!"

"Na'am, Tela."

"In za ka tayar da katangar, ka faɗaɗa ramin, ka sa masa ƙarfe. Ruwa kaɗai nake so ya bi ta nan. Mai magana da gidana ya zagayo ta ƙofa, ya zo da ubansa."

Na juya na kalli Babana. Ya ji, kowa ya ji. Bai ɗago ba. Yana ta goge laka daga cikin keken, a hankali, haƙori bayan haƙori.

Yau kwana goma sha tara. Na buga bulo ɗari uku da arba'in, tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Keken ya fara juyawa shekaranjiya, na ji ƙararsa daga baranda. Babana har yanzu bai ce mini ko sannu ba.